Da Wike PDP ta tsayar a 2022, da ta ci zaɓe?

Alhaji Sule: Jama'a, ni ina nan kan bakana. PDP ba ranar 25 ga Fabrairun 2023 ta faɗi ba, tun daren 28 ga Mayun 2022 ta faɗi a filin wasa na Abuja, wurin taron fidda ɗan takarar shugaban ƙasa. Tambuwal ya hau mumbari ya janye wa Atiku, aka ƙirga: Atiku 371, Wike 237, Saraki 70. Da Wike, gwamnan Ribas na lokacin, aka ba tuta, da gwamnoni biyar ba su yi wa jam'iyya tawaye ba, kuma ga shi lokacin Kudu ne bayan shekara takwas ta Buhari.

Malam Habu: Alhaji, ranka ya daɗe, wa zai dangwala wa Wike a Katsina? Atiku ya ci Katsina, gidan Buhari, duk da tazarar ba ta kai dubu bakwai ba. Ya ci Kaduna, Sakkwato, Kebbi, Bauchi, Gombe, Yobe. Ka cire shi ka sa Wike, duk waɗannan sai Tinubu ya kwashe su a ruwan sanyi.

Alhaji Sule: To Ribas fa? Jihar da PDP ke ɗiban ƙuri'a da kwando tun 1999, Atiku ya zo na uku.

Hajiya Rabi: Ku biyun duk kuna jifan gefen da ba tsuntsu. Ku yi lissafi. Tinubu miliyan 8.79, Atiku 6.98, Obi 6.1, Kwankwaso kusan miliyan ɗaya da rabi. Ukun nan na baya duk 'yan gida ɗaya ne a 2019, Obi ma shi ne mataimakin Atiku. Kwankwaso ya fice a watan Maris, Obi ya fice ana saura kwana uku taron. Tun kafin deliget su shiga fili, tulun ya riga ya fashe. A Kano Kwankwaso ya samu 997,279, Atiku 131,716. Me Wike zai gyara a nan?

Malam Habu: Hajiya, wannan lissafin takarda ne. Matasan da suka fito saboda Obi har ya kayar da Tinubu a Legas, ba kayan PDP ba ne da za a ce ta yar da su. Da ya zauna a mataimaki, rabinsu suna gida suna kallon ƙwallo.

Hajiya Rabi: Na yarda. Ko kashi ɗaya cikin uku suka fito ai an rufe tazarar.

Ɗan'azumi: Iyayena, a ba ni dama. Ni abin da ke ci min tuwo a ƙwarya su wane ne masu zaɓen. Dokar zaɓe ta 2022 ta bar gwamnoni da sanatoci ba ƙuri'ar kai tsaye a zaɓen fidda gwani, majalisa ta gyara, Buhari bai sa hannu ba. Sai PDP ta ɗauki deliget ɗaya daga kowace ƙaramar hukuma. Mutum ɗari bakwai da 'yan kai ne suka yanke wa miliyoyi hukunci, kuma kowa ya san wanda ke rubuta sunayensu. Maƙwabcinmu ya taɓa yin deliget, ba zan faɗi jam'iyya ba. Kwana uku suna otal, waya a hannun yaron mai gida, ba mai fita. Da ya dawo na tambaye shi ko wanda ya zaɓa zai kai labari, ya yi dariya ya ce shi abin da Oga ya ce ya yi. Sati bai cika ba ya sauya kwanon gidansa.

Malam Habu: Ɗana, da deliget makafi ne, ya aka yi na APC suka dace? Tinubu 1,271, Amaechi 316, Osinbajo 235. Gwamnonin Arewa suka ce mulki ya koma Kudu, suka tsaya masa, ya ci. Gwamna ya fi ni da kai sanin inda ƙuri'a take.

Ɗan'azumi: Baba, ya ci da kashi 37 cikin ɗari, don abokan hamayya sun rabu uku. Sa'a ce.

Alhaji Sule: Duk kun kauce. Na ce Wike, ba wanda ya ba ni amsa sai Habu.

Hajiya Rabi: Alhaji, tsakaninka da Allah, da an tsayar da shi, kai za ka zaɓe shi?

Alhaji Sule: Ni ai Kwankwaso na yi.