Hawan Longs Peak ta hanyar Keyhole: sai da igiya?

Garba_K:
Assalamu alaikum. Ina karatu a Fort Collins, jihar Kolorado ta Amurka. Abokan karatuna sun matsa mu hau tsaunin Longs Peak a ƙarshen Agusta ta hanyar Keyhole, wadda ke ratsa wata kafa mai kama da ƙofa a jikin dutsen. Na saba tafiyar ƙafa a tsaunuka, amma ban taɓa hawan da sai an dafa dutse da hannu ba, ga shi tsayinsa mita 4,346. Sai da igiya ne? Kuma me ya sa kowa ke cewa a kama hanya ƙarfe uku na dare?

Baban Zahra:
Wa alaikumus salam, ƙanina. Idan ƙanƙara ta narke, wato daga tsakiyar Yuli zuwa farkon Satumba a yawancin shekaru, ba a sa igiya. Hannu da ƙafa ne, sai hankali. Hular kwano kam ka nema, domin a Trough, wani kwazazzabo mai gangara da ake hawa bayan an wuce Keyhole, waɗanda ke samanka suna turo duwatsu ba tare da sun sani ba.

Batun ƙarfe uku kuwa, tsawa ce. A lokacin zafi hadari kan haɗu bayan azahar, kuma daga inda itatuwa suka ƙare babu wurin fakewa. Zuwa da dawowa kusan kilomita 24 ne, hawan ya kai mita 1,500, mutane kan ɗauki awa 10 zuwa 15. Kai ma yi lissafin. Ni ƙa'idata, ƙarfe goma na safe ta same ni ina saukowa daga ƙoli, ko na taka shi ko ban taka ba.

Har zuwa Boulder Field, filin manyan duwatsu da ke ƙasan Keyhole, tafiya ce kawai, mai tsawo da gajiyarwa. Da ka ratsa ƙofar Keyhole ka leƙa ɓangaren yamma, nan labari ke sauyawa. Iska za ta mare ka, ga rami a damanka. Daga nan sai bin alamomin fenti ja da rawaya da aka yi a jikin duwatsu, kamar soyayyen ƙwai. Kada ka matsa daga wata alama sai ka hango ta gaba. Narrows, 'yar siririyar hanya a bakin rami, ita ce ke ba mutane tsoro saboda ƙuncinta, amma ni Homestretch, hawan ƙarshe kafin ƙoli, na fi shakka: dutse ne sumul mai gangara, takalman mutane sun goge shi, idan ya jiƙe sai addu'a. A saukowa da yawa zama suke yi suna jan jiki, kuma ba abin kunya ba ne.

Hadiza_M:
Duk gaskiya Baban Zahra ya faɗa, sai dai ya tsallake batun numfashi. Wurin ajiye mota kansa ya kusa mita 2,900. Malam Garba, kafin ranar ka je tafkin Chasm Lake ka dawo, hanyarsa ɗaya da ta Keyhole da farko, ka ga yadda kanka zai yi. Ciwon kai da tashin zuciya a can sama maganinsu saukowa ne, ba dauriya ba. Ka tafi da fitilar goshi, safar hannu da ruwa isasshe.

Garba_K:
Na gode Yaya, na gode Anti. To idan na isa Keyhole na ji zuciyata ba ta ba ni ba, alhali abokaina suna son wucewa fa?

Baban Zahra:
Ku yanke wannan tun kuna cikin mota, ba a bakin rami ba. Akwai ɗan ɗakin dutse dab da Keyhole, an gina shi don tunawa da Agnes Vaille wadda ta rasu a tsaunin a watan Janairun 1925 bayan ta kai ƙoli. Kana iya fakewa daga iska a ciki, amma jiransu zai kai awa huɗu ko fiye, kuma sanyi zai shige ka. Gara wani ya juyo tare da kai, ku jira sauran a wurin mota.