Jam'iyya ce ta haɗa kan malaman Iran bayan 1979?

Ɗalibin Siyasa: Assalamu alaikum, malamai. Bayan faɗuwar Shah, sarkin Iran, jam'iyya ce ta haɗa kan masu kishin Musulunci a Iran, ko kwarjinin Khumaini ne kawai? In jam'iyya ce, me ya sa aka rushe ta tun yana raye?

Malamin Tarihi: Wa alaikumus salam. Kwarjini yana tara jama'a, amma ba ya raba takara a mazaɓu. Wannan aikin Jam'iyyar Jamhuriyar Musulunci ce ta yi shi. A Fabrairun 1979 Beheshti, Khamene'i, Rafsanjani, Bahonar da Musawi Ardabili suka kafa ta. Masallatai suka zama rassanta, 'yan kasuwar Tehran suka zuba kuɗi, ga kuma jaridarta da Mir Husaini Musawi yake wa edita. Da haka mutanenta suka mamaye majalisar rubuta kundin tsarin mulki mai kujeru 73, Beheshti ne ma yake jan zamanta a aikace, har aka shigar da wilayatul faƙih, wato jagorancin malamin fiƙihu a kan ƙasa.

Ta yi tuntuɓe a zaɓen shugaban ƙasa na Janairun 1980: ɗan takararta Jalaluddin Farsi ya fita saboda mahaifinsa ɗan Afganistan ne, Bani Sadr ya lashe. Sai ta rama a majalisar dokoki, ta ɗora masa Raja'i a matsayin firaminista, ta tsige Bani Sadr a Yunin 1981.

Hajiya Mai Nazari: Malam, a ƙara da cewa ba kowa ta haɗa ba. Jam'iyyar magoya bayan Ayatullahi Shari'atmadari, mai ƙarfi a Tabriz, murƙushe ta aka yi. Kuma bam ɗin 28 ga Yunin 1981 ya kashe Beheshti da mutum sama da 70 a hedikwatar Jam'iyyar Jamhuriyar Musulunci, wanda ke iya sasanta ɓangarori ya tafi. Da abokan hamayya suka ƙare, rigima ta dawo cikin gida: ɓangaren Mir Husaini Musawi na son gwamnati ta riƙe farashi da rabon kaya lokacin yaƙin Iraƙi, 'yan kasuwa da malaman da ke bayansu suka ce dukiyar mutum tasa ce. A 1987 Khamene'i da Rafsanjani da kansu suka nemi Khumaini ya amince a dakatar da jam'iyyar.

Ɗan Azhar: Ku duba Masar, inda babu jagora guda da kowa ke ji wa. A zaɓen majalisar dokoki na 2011 zuwa 2012 jam'iyyar Ikhwan da ƙawayenta sun samu kujeru 235, ƙawancen Annur na Salafawa ya zo na biyu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. A lissafi, in aka haɗa su biyun, rinjaye ne babba. Amma a zagayen farko na zaɓen shugaban ƙasa Annur ta mara wa wani ɗan takara, Abul Futuh, baya maimakon Mursi na Ikhwan, ta yi ƙorafin Ikhwan sun kwashe muƙamai su kaɗai, kuma ranar 3 ga Yulin 2013 wakilinta yana zaune a wurin da Sisi, shugaban sojoji a lokacin, ya sanar da tuɓe Mursi daga shugabancin ƙasa.