Abin da Aka Tsayar a Kai Game da Sanya Python Cikin Manhajojin Bincike

A wani zama da malamai da ɗaliban kimiyya suka yi a Kaduna, an daɗe ana tattauna yadda za a haɗa harsunan rubuta wa kwamfuta umarni, irin su Python, da manhajojin da muke aiki da su kullum.

Shawarar da ta fi samun karɓuwa ita ce kada a tsallake abin da ke cikin manhajar tun asali. QGIS, manhajar zana taswira, na da akwatin rubuta umarnin Python, don haka mai zana taswirar ambaliyar Kogin Kaduna zai iya rubuta umarni sau ɗaya, ya maimaita shi kan bayanan kowace damina. KNIME kuwa, manhajar nazarin bayanai, tana karɓar harsunan Python da R a tsakiyar jerin aiki.

Inda aka fi jan kunne shi ne Fiji, wadda masu ƙirga ƙwayoyin halitta a hoton madubin likita ke amfani da ita. Jython, wato nau'in Python da ke cikinta, ya tsaya a Python 2.7, alhali an daina kula da Python 2 tun 2020, kuma NumPy, ƙunshin umarnin lissafi na Python, ba ya aiki a kan Jython. Wasu sun ce a koma Groovy, wani harshen umarni da Fiji ke karɓa, ni ma ina ganin hakan ya fi sauƙi ga wanda aikinsa bai wuce Fiji ba.

An kuma nemi kowa ya rubuta sigar kowane ƙunshin umarni da ya saka, ya ware lissafinsa daban da maɓallan manhaja domin a iya gwada shi shi kaɗai. Saboda ɗaukewar wuta, dogon aiki ya riƙa ajiye sakamako mataki-mataki.