"Mai haƙuri shi kan dafa dutse": har da malamin aji da ɗalibin SS3?

Malamar Tudun Wada: Assalamu alaikum jama'a. Karin maganar yau kowa ya san ta: "Mai haƙuri shi kan dafa dutse ya sha romonsa." Ita ake jefa wa malami duk sanda ya buɗe baki. Aji ya cika maƙil har bakin allo, takardun maki sun taru, albashi ya ƙare tun wata bai raba ba, sai ka ji "Malama, a yi haƙuri." Tambayata ita ce, magabata cewa suka yi a haɗiye komai a yi shiru? Don na san abokan aiki da irin wannan haƙurin ya bar su da hawan jini.

Tsohon Hedimasta, Kawo: Wa'alaikumus salam 'yata. Ku lura da mai dafa dutsen nan, ba rungume hannu ya yi ba. Yana iza wuta, ruwa ya ƙone ya ƙara. Aiki ake nufi wanda amfaninsa ba ya fitowa da wuri. Yaron aji ɗaya da ke rubuta "b" a wurin "d", yau ki gyara, gobe ya maimaita, har zango ya ƙare, nan ne karin maganar take zaune daram. Wanda ya ɗauke ta ya toshe bakin mai kuka da ita, shi ya kai ta inda ba gidanta ba.

Ɗan Kadpoly: Allah ya ƙara girma Baba, amma ni ban gamsu ba. Dutse ba ya dahuwa, wanda ya yi maganar ma ya sani. A 2017 gwamnatin jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare kusan 33,000 gwaji, aka ce 21,780 sun faɗi, aka sallame su, har ƙungiyar malamai ta NUT ta shiga yajin aiki a farkon 2018. Ba daidai ko rashin daidai nake jayayya ba. Malamin da ya ga haka, kullum da fargaba yake shiga aji. Wane romo za a ce ya jira?

Tsohon Hedimasta, Kawo: Ai shi ya sa aka zaɓi dutse, ɗana, don a nuna tsananin wuyar. Kuma haƙuri bai hana neman haƙƙi ba. Da ƙungiya ake nemansa, ba da huce haushi a kan yara da bulala ba.

Nas daga Barnawa: Baba ya taɓo inda nake so. Idan hankali ya tashi, jiki yana sakin sinadaran da ke sa zuciya bugu da sauri, numfashi ya gajarta. Na ɗan lokaci ba laifi, har yana taimaka wa ɗalibi ya nutsu a zauren jarrabawa. Amma in ya zama kullum, barci ke fara gudu, sai ciwon kai, sai mantuwa, sai saurin fushi. Malama, kafin ki amsa wa yaron da ya ƙure ki, ja numfashi ta hanci, ki sake shi a hankali ya fi shigarsa tsawo, kamar sau biyar. Bugun zuciya zai lafa. In kuwa an yi makonni ba barci, ba ɗanɗanon abinci, ga kuka ba dalili, to tawa karin maganar ita ce "ranar wanka ba a ɓoyon cibiya." A ga likita. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya yana nan Barnawa, kuma masu damuwa da rashin barci ma suna zuwa.

Malamin Islamiyya, Rigasa: Hakan ya dace da hadisin da ya ce wanda ya yi fushi yana tsaye ya zauna, in bai wuce ba ya kishingiɗa. Kun ga an ba mutum abin yi, ba a ce ya cije kawai ba.

Ɗalibar SS3: Iyayena ku gafarce ni na shigo cikin manya. Ga JAMB a kwamfuta, ga WAEC, ga NECO a bayanta. A gida kullum maganar maki nawa zan ci cikin 400 a JAMB ake yi. Ina tsoma ƙafa a bokitin ruwa don kar barci ya ɗauke ni, in kai ƙarfe uku, da safe kuma abin da na karanta ya bi iska. Ni ina ɗauka wannan ne dafa dutsen.

Nas daga Barnawa: A'a ƙanwata, fitar da ƙafar nan. A cikin barci ƙwaƙwalwa ke adana abin da aka karanta, kuma mai shekarunki yana buƙatar awa 8 zuwa 10.

Ɗan Kadpoly: Ita kam "ba a fafe gora ranar tafiya" ta fi dacewa da ita. A wannan ba ni da ja.

Malamar Tudun Wada: Ɗiyata, tafiyar taki da saura, kar wannan ma ta tsorata ki. Ki raba darussan, biyu a rana, ki riƙa gwada tsofaffin tambayoyi da agogo a gefe, ƙarfe goma ki rufe littafi. Wane darasi ne ya fi ba ki tsoro? In Lissafi ne, rubuto mana babin, akwai malamansa a nan.