Kai iyali Fadar Windsor: shawarwarin iyayen da suka je

Da aka tattauna batun kai yara Fadar Windsor da ke Ingila, bakin iyaye ya zo ɗaya kan sammako da sayen tikiti tun kafin ranar, domin ana binciken jakunkuna a ƙofa kamar a filin jirgin sama, layi kuma ba ya jimawa ya yi tsawo. Daga Landan, jirgin ƙasa na tashar Waterloo yana kaiwa kai tsaye, na Paddington kuwa sai an sauya a Slough.

An fi daɗewa kan zaɓen rana. Ran Lahadi ba a buɗe cocin St George da ke cikin fadar ga masu yawon buɗe ido, alhali can aka binne Sarauniya Elizabeth ta biyu a 2022. Faretin sauyin sojoji masu gadin fadar ma ba kullum ake yinsa ba, sai a duba jadawali tukuna.

Masu goyo sun ja kunne cewa ba a shiga ɗakunan sarauta da keken jarirai, kuma an hana ɗaukar hoto a ciki. Hawan tudun da fadar take a kansa ma yana gajiyar da ƙanana da tsofaffi.

An ɗan yi saɓani kan inda za a fara. Ni dai ina bayan waɗanda suka ce a fara da gidan 'yar tsana na Sarauniya Mary, wanda aka kammala a 1924. Ƙananan littattafansa da motocinsa sun fi riƙe hankalin yaro, kafin a kai shi ɗakunan da aka sake ginawa bayan gobarar 1992.