Babur a zamanin Caravaggio: fim ɗin ya yi ƙarya ko bai yi ba?

Malam Sani: Jama'a, jiya na kalli fim ɗin da Derek Jarman ya shirya a 1986 kan rayuwar mai zanen nan ɗan Italiya, Caravaggio. Mutum ya rasu a 1610, sai ga babur a cikin fim, ga tafireta, ga ƙwan lantarki, har da kalkuleta. Ni a wurina wannan ba tarihi ba ne, ƙarya ce aka yi wa ado. In ka ɗauko sunan mutumin da ya taɓa rayuwa, to ka tsaya kan abin da ya faru.

Binta: Malam, Allah ya huci zuciyarka, amma ka duba aikin mai zanen tukuna. Akwai zanensa na kiran Matta mai karɓar haraji, yana cocin San Luigi dei Francesi a Roma. Labarin zamanin Annabi Isa ne, amma waɗanda ke zaune a teburin kuɗi suturar samarin Roma na 1600 ce a jikinsu, ga hula mai gashin tsuntsu, ga takobi a kugu. Talakawan unguwa yake ɗaukowa ya zana su a matsayin waliyyai, har da dauɗar ƙafarsu. Shi da kansa ya jawo tsohon labari zuwa zamaninsa. Jarman hanyar mai gidan ya bi.

Kabiru: Kuma wa babur zai ruɗa? Ko yaro ya san babu shi a lokacin. Mai fim ne ke faɗa maka a fili cewa tunanin mutum kake kallo yana kan gadon mutuwa, abubuwa suna zuwa masa a hargitse.

Malam Sani: Na ji batun sutura, 'yar'uwa, ban san da shi ba. Amma har yanzu raina bai kwanta ba.

Hajiya Rabi: Ku yara kun tsaya kan babur, kun bar inda gizo ke saƙar. Ranuccio Tomassoni mutum ne mai dangi. A watan Mayu na 1606 aka yi faɗa da takubba a Roma, Caravaggio ya sare shi ya mutu, aka yanke wa Caravaggio hukuncin kisa, ya gudu Napoli, daga can Malta, daga can Sisili. To me fim ya yi? Ya mai da Ranuccio masoyin mai zanen, ya sa ya amsa da bakinsa cewa shi ya kashe Lena, budurwar shi Ranuccio a fim ɗin, sannan Caravaggio ya yanka shi. Kun ga an ɗora wa mamaci jinin da babu shaidar ya zubar, shi kuma mai kisan an ba shi uzuri. Wannan ne ke shiga kan mai kallo ya zauna, don ba ya kama da mafarki, da gaskiya yake kama.

Binta: Hajiya, ban musa ba. Sai dai ban ga an wanke shi ba. Wuƙa na hannunsa tun farko har ƙarshe. Shi ma bai wanke kansa ba: a zanen Dawuda da Jaluta, fuskarsa ya sa a kan da aka sare. A Malta kuma, a zanen fille kan Yahaya, cikin jinin ya rubuta sunansa.

Hajiya Rabi: Wannan nadamar tasa ce, 'yata, shi ya zana ta da hannunsa. Ranuccio fa, wa ya zana tasa?

Kabiru: Takardun 'yan sandan Roma ma sun isa fim guda. Yawo da takobi babu izini, jifan mai kawo abinci da faranti a 1604. Ban ga abin da ya sa sai an ƙirƙiro wani kisan ba.

Malam Sani: To na janye maganar babur da tafireta. Ta Ranuccio kam ina nan kan bakana. Binta, turo mana hoton zanen Mattan nan in gani da idona.