Bishiya ce ko bene? Neman sunan abin hawan kyanwa

Jama'a, ga wani abu da ke neman suna. Masu kiwon kyanwa a cikin ɗaki, irin wadda ba ta fita waje, suna haɗa mata abin hawa: turke ɗaya ko biyu a tsaye an naɗe su da igiya, falankai hawa-hawa, can sama kuma wurin kwanciya. Turawa suna ce masa cat tree, kuma tun ƙarshen shekarun 1960 aka yi rajistar ƙirarsa a Amurka. To mu me za mu kira shi?

Abin da ya fara zuwa bakin kowa shi ne "bishiyar kyanwa". Ni dai ban yarda da shi ba. Kunnen Bahaushe ya saba, in ya ji sunan dabba a jikin sunan tsiro, to tsiron gaske ake nufi, kamar nonon kurciya ko harshen saniya. Ka ce wa mutum ka kawo bishiyar kyanwa gida, abin da zai tambaye ka shi ne maganin mene ne.

Wani malami ya kawo "mahayar kyanwa", bisa tsarin makaranta da majema da mahauta. Malam, ginin kalmar ba shi da aibu, Allah ya ƙara sani. Sai dai a rubuce "mahaya" na rikicewa da jam'in mahayi, kuma hawa kaɗai ta faɗa. Matsalar "tsani" ke nan ma: tsani ana bin sa ne a wuce, ita kuwa kyanwa zama take zuwa yi. Dabbar da ke barcin awa 12 zuwa 16 a kowace rana, yawancin lokacinta a kan abin nan a kwance take, ta naɗe wutsiya tana kallon mai shiga da mai fita. "Hasumiya" kuwa ta yi wa abin girma, a bar ta kawai.

Abin da na tsaya a kai shi ne "benen kyanwa", kuma wanda ya taɓa haɗa abin da hannunsa zai ga dalili tun daga gindi. Duk aikin a ƙasa yake. Ana samun falanki mai kauri da nauyi, faɗinsa kamar santimita 60 kowane gefe, wasu ma biyu suke haɗawa su manne. Kyanwa mai kilo 4 ko 5 in ta taho a guje ta daka tsalle ta cafki turken, ƙarfin da take zuwa da shi ya fi nauyinta nesa ba kusa ba. In abin ya yi rawa sau ɗaya a ƙarƙashinta, da wuya ta sake amincewa da shi, sai ta koma kan labule da saman firij. Shi ya sa ake ɗaure turken da dogayen sukuru daga ƙarƙashin falankin maimakon ƙusa, wadda ke sassautawa a hankali. In tsawon ya kai na mutum, a kama shi da bango da ƙarfe.

Sai hawan kansu. Ba a jera su ɗaya bisa ɗaya a saitin juna, ana karkata su ne, wannan dama wancan hagu, tazarar da ke tsakani kamar santimita 30 zuwa 40. Dalili yana cikin faratanta. Sun lanƙwasa ne ta baya, suna riƙe ta sosai in tana hawa, amma ba sa riƙe ta in ta juyo da kai ƙasa. Abin da ke sa kyanwa ta maƙale a kan bishiyar gaske tana kuka ke nan: hawa ya yi mata sauƙi, saukowa sai da baya-baya ko tsalle. A abin da aka haɗa mata kuwa, daga wannan hawa take dirowa kan na ƙasa, ɗaya bayan ɗaya. Tsohuwar kyanwa ko mai ƙiba a rage mata tazarar. Ku duba fa: gindi mai nauyi, hawa na ɗaya, na biyu, na uku, makwanci a sama. Wace kalma ce ta riga ta ɗauke wannan duka in ba bene ba? Har ka iya ce wa kafinta "mai hawa uku nake so", ya gane ba tare da dogon bayani ba.

Wata baiwar Allah ta ce bene bai faɗi kartar da kyanwa ke yi da farata ba, alhali saboda ita mutane da yawa ke haɗa abin, don kujerunsu su huta. Hajiya, gaskiyarki. Karta ba ɓarna ba ce a wurin kyanwa. Da ita take ɓare tsohon ɓawon farce sabo ya fito, ta miƙe gaɓoɓi, ta kuma bar ƙanshinta, don akwai wurin da ke fitar da shi a tafin ƙafarta. In kin duba gindin turken za ki tsinci ɗan ɓawon nan siriri, lanƙwasasshe, fari-fari. Amma a ganina ba dole suna ɗaya ya ɗauki komai ba. Shi turken da aka naɗe a ba shi nasa: "makarta". Nan ne tsarin Malam ya yi daidai, tunda ba ta karo da wata kalma. Sai a ce benen kyanwa mai makarta biyu, kuma in turke ne shi kaɗai ba hawa, makarta ce kawai.

Ita makarta tana son tsawo, aƙalla santimita 80, yadda kyanwa za ta tsaya kan ƙafafun baya ta miƙe iya miƙewa. Igiyar da aka fi naɗawa ita ce sisal, zaren wani tsiro ɗan asalin Meziko da ake nomawa da yawa a Barazil da Tanzaniya da Kenya. Sunanta dai mu bar shi yadda ya zo, igiyar sisal. A naɗe ta tamau, ana bugawa da guduma zagaye ya matsu da zagaye, a riƙe bakinta sama da ƙasa ta yadda ba wani kan ƙarfe da ya leƙo. Kada a sa igiyar da ke warin mai, kada kuma a yi aiki da katakon da aka jiƙa da maganin gara, don abin da ya shafi jikinta lashewa take yi. Ni ba na son a lulluɓe turken da kafet: farce na maƙalewa a madaukan zarensa, sannan an koya mata cewa kafet abin karta ne, har da na tsakar ɗaki.

Masu cewa mage ko mussa ko kuliya, kowa ya sa tasa, benen mage ma ya zauna a baki. Abin da ya rage shi ne ɗan akwatin nan mai ƙofa zagayayya da ake sawa a hawa na tsakiya, inda take shiga ta ɓuya in baƙi sun zo. An kawo "akurki", na ƙi, na kaji ne. Ina tsakanin "maɓoya" da "ɗaki" kawai, wanda ke da wadda ta fi su ya kawo.